Goggo Mai Keke da Rigunan Maigidana

Kafin maƙwabta su buɗe shagunansu, Goggo Mai Keke ta riga ta share gaban nata, ta ɗiga wa keken ɗinki mai, ta rataya tef ɗin awo a wuya. Addu'arta a tsaye take yi, gajeriya, wai Ubangiji ya san aiki na jiranta. Daga nan sai layinmu ya tashi da ƙarar kekenta. Haka na same ta tun ina amarya, haka take har makon jiya da ta ce ido ya gaji, zare ya daina shiga allura, za ta huta.

Ban yi karatu mai nisa ba, ku yi haƙuri da rubutuna. Amma yau sai na rubuta don murna. Babbar 'yata ta samu gurbi a kwalejin koyon aikin jinya, kuma kuɗin makarantarta na nan har ranar biya, ko sisi ba a taɓa ba! Goggo ce sanadi.

Duk wanda ya taɓa kai mata ɗinki ya san halinta. Ba ta yanke yadi daidai jiki. Sai ta naɗe sauran a ciki, ta yi kalmasa mai faɗi, idan yaro ya girma a warware a ƙara masa. Yara sun tsani wannan hali, iyaye kuwa albarka suke sa mata.

"Goggo, wannan riga ce ko tanti?"

"Ci abinci ka cika ta."

Matan cocinmu shaida ne, rigunan mawaƙa ita take gyara su kowace shekara, in an miƙa mata lada ta ce a sayi zare. Ko maigidana, mai gyaran rediyo, magidanci da gemunsa, bai tsira ba. Yakan ce, "Goggo, ni ma girman zan ƙara?" Ta ce, "Tumbi na hanya." Tumbin bai zo ba har Allah ya ɗauke maigidan nawa a daminar da ta wuce.

Ya bar mana wani gwangwani da ya liƙe bakinsa da dalma, ya bar 'yar kafar jefa kuɗi. Tun 'yar tana ƙarama yake kiranta Likita, duk ranar da aiki ya yi kyau sai ya jefa wani abu a ciki, ya ce na makarantar Likita ne.

Da Kirsimeti ya matso, Auta ya tambaye ni, "Mama, bana ma za a yi mana ɗinki?" Babansu bai taɓa fashin saya musu yadi ba. Na ɗauki wuƙa na ɓalle gwangwanin, na ƙulle abin da ke ciki a ɗankwali, na tafi wurin Goggo ta raka ni kasuwa.

Ta dubi ƙullin, ta dube ni ta saman tabarau.

"Maman Likita, dalma nake gani a yatsanki. Na gwangwani ne?"

"Zan mayar, Goggo."

"Da me? Mayar da shi yanzu. Almakashina ba zai taɓa yadin da aka saya da wannan ba."

"So kike a nuna su a coci a ce ga marayu?"

"Marayu ne, 'yar nan. Sabon yadi ba zai ɓoye ba. Je ki kawo mini akwatin mijinki."

Na fita ko sallama babu. Akwatin da ban iya buɗewa ba tun ranar jana'iza! Na yi kwanaki ina wuce shagonta fuska a ɗaure, ita kuwa ta ɗaga murya ta ce, "An gaishe da mai fushi!" Daga baya Likita da kanta ta ɗauki akwatin a ka, na bi ta a baya.

Goggo, ke ce kika ɗinka rigunan da ke akwatin nan duka, kin san kowace ɗaya. Na zauna ina kallo kina farke su a hankali, kina magana da shi kamar yana gabanki: "To, mai rediyo, ga amfanin tumbin da ka ƙi yi." Duk yadin da kika ɓoye a kalmasa shekara da shekaru ya fito, launinsa sabo fil, rana ba ta taɓa ganinsa ba. Inda ya koɗe kika juya shi ciki. Da shuɗiyar kika yi wa Auta riga, da masu zane biyu kika haɗa wa Likita doguwar riga mai farar kwala. Ni ma kika ba ni ɗankwali, kika ce kada in yi miki kuka a kan keke, zai yi tsatsa.

Safiyar Kirsimeti gidanmu ya kaure! Yara sun yanka takardu masu launi sun rataya a falo, tsohon rediyon babansu na ta waƙoƙin haihuwar Yesu, kaza na wuta. Sai Auta ya fito. Goggo ta bar masa aljihun babansa yadda yake, wanda sukudireba ya sa bakinsa ya saki. Yaron nan ya dafa aljihun, ya karkace kafaɗa, ya yi gyaran murya ya ce, "Wa ya taɓa mini kayan aiki?" Muka fashe da dariya har Likita ta zauna a ƙasa. Na koma wurin tukunya na yi kukana, na wanke fuska, muka tafi sujada. A coci mata sai shafa rigar Likita suke, suna tambayar inda muka sayi yadin. Ta ce, "Babana ne ya saya." Da rana Goggo ta zo cin abinci, tana tauna tana jan ɗinkin Auta: "Kai, daina tsalle, ban gama hutawa ba."

Bayan sabuwar shekara saƙon kwaleji ya shigo wayar Likita. Ihun da ta yi sai da maƙwabta suka fito. Goggo ta baro keke ta yi rawa a tsakiyar layi, tef na lilo a wuyanta. Washegari muka je muka biya da abin da ke ƙulle a ɗankwalin nan, ya isa.

Aikinki na ƙarshe, Goggo, farar rigar makarantar Likita ce. Likita ta juya rigar ta ga kalmasa kusan tafin hannu, ta ce, "Haba Goggo, ai na gama girma." Kika ce, "Wa ya gaya miki? Yanzu kika fara."

Na gode, uwar marayu, mai faɗin gaskiya ko za a daina gaishe ki. Ubangiji ya ƙara wa idonki haske, ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma masu sana'a, in mace ta zo muku da ƙulli a ɗankwali da jajayen idanu, ku tambaye ta kafin ku karɓa. Masu zuwa shagon Goggo kuwa, ku je ku gaishe ta a gida tun tana ji. Ni gobe zan je, da rigar Auta a hannu. Ta fara ɗage masa, Goggo za ta nuna mini inda ake warwarewa.