Malam Lawali da Kwalabenmu

Ina cikin Keke Napep a Gusau, hanyar ɗakin gwaje-gwaje, ƙanin malamina ya kira ni: "Malama Hafsatu, sai haƙuri. Malam Lawali ya cika da hantsi." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun san ciwon ƙoda ya ci ƙarfinsa, amma zuciyata ba ta taɓa yarda ba.

Shi ya duba bincikena a kan ƙwayoyin halittar da ke sa madara ta zama kindirmo. Muna renonsu cikin kwalabe a kan injin girgiza, kuma don mu san girmansu sai mun buɗe mun ɗiba. Kowace buɗewa ƙofa ce ga baƙin ƙwayoyi, ga shi da an tsayar da injin iska ta yanke masu. Haka nawa suka yi ta lalacewa har saura kwalba guda. Iyalan rugar Tsafe da suka ba ni irin ƙwayoyin kuwa rashin tsaro ya tashe su, ba wanda ya san inda suka nufa. Na sami Malam ina kuka, na ce na bari.

"Mi kika bari?" ya ce. "Zauna, ɗiyata. Abin da ke girma ba ya son yawan leƙe."

Makonni ya yi yana haɗa 'yar fitila da na'urar auna haske a gindin kwalbar. Ƙwayoyin na yawa, ruwan na ƙara kauri, hasken da ke dawowa na canzawa, layi na hawa a kwamfuta, injin bai tsaya ba, murfi na rufe. Irin ya tsira. Lokacin ƙafafunsa sun fara kumbura, a zaune yake aikin, bai taɓa faɗa mana dalili ba.

Haka yake da ɗalibai ma. Ba ya tsare mutum da tambaya, amma ya san wanda ya wuni bai ci ba. Yakan ce, "Ilimin da bai kai Karakkai ba, da saura," don can aka haife shi, can kuma aka rufe shi. Burinsa na kai wa masu nono tsabtataccen iri bai cika ba. Mu ya bar wa, ga mu ba mai nuna mana hanya.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa jinyarsa ta zama kaffara, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya ba Inna, mahaifiyarsa, da maiɗakinsa Hajiya Asabe haƙuri, Ya raya marayun da ya bari. Amin.