Kawu da Ɓangaren Hagu

Kawuna mai aski ne tun ina rarrafe. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da madubi mai tsaga a kusurwa, da kujera mai juyawa, da rediyon da sai an mare shi yake magana. Mutum ne mai ji da hannunsa. Da na gudo daga makaranta ya taɓa ba ni injin aski, ya dubi abin da na yi wa ƙeyar wani, ya ce ko akuya ta fi ni iya daidaita ciyawa.

Bara hawan jini ya kayar da shi. Ya tashi, hannu da ƙafa suka dawo, amma hagu ta ɓace masa. Sai ya ci rabin kwano ya ce an yi masa rowa. Likita ta ce idonsa lafiya lau, ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, wanda ke kai hankali hagu. Kawu ya ce surutun asibiti ne, ya buɗe shago.

Tsofaffin abokan hulɗarsa suka zo taya shi murna. Yana tsaye bayan kujera, ya gyara dama fes, hagu ko taɓawa bai yi ba, ya kaɗe musu wuya ya ce an gama. Kowa ya yi godiya, ya danna hula har kunne, ya fice. Ni mai baki kamar rediyo, ran nan ƙasa kawai nake kallo.

Sai wani direba, abokinsa tun yarinta, ya zauna. Da aka ce an gama, bai tashi ba. Ya sa ƙafa ya juya kujerar a hankali har ya fuskanci Kawu, gefen da ba a taɓa ba ya koma damansa.

Kawu ya daɗe yana kallon gashin. Ya tambaye ni ko haka sauran suka fita.

"Duka, Kawu."

Ya ajiye injin, ya zauna a benci, ya ce in kawo kwaɗo a rufe shagon.

"Rufe me? Da wannan kan zan shiga gida, matata ta gan ni?" in ji direban. "Tashi ka ƙarasa, tsohon banza."

Kawu ya miƙe, ya ƙarasa, ya sa aka juya kujerar ya sake dubawa. Bai ɗago ya kalle ni ba.

"Je ka kirawo min su," ya ce. "Ka ce ban gama ba."