Ranar da Inna Hajo ta kashe wutar lakwal

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Inna Hajo, mai dafa abincin lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, kuma har yau in na tuna ta sai in kasa zama wuri ɗaya.

Ni ne direktan makarantar a lokacin, a wani ƙauye arewa da Mayahi. Aji uku gare mu, biyu na zana ne. Yawancin yaran 'ya'yan manoma ne, sauran daga rugage suke takowa da safe, wasunsu ko Hausa ba ta zauna a bakinsu ba, balle Faransanci. Inna Hajo Bafulatana ce da ta auri manomi. Ba ta taɓa riƙe alli ba, amma in ƙaramin yaro ya fashe da kuka a aji, ita muke kira ta lallashe shi da Fulatanci. In iyaye za su tafi da shanu, a ɗakinta suke barin 'yan matan da ke son ƙarasa shekara.

Wata kaka shanun ruga suka cinye waken Malam Idi, shugaban iyayen yara. Aka yi faɗa har da jini. Washegari ya zo da mutane, ya ce geron da gari ya tara wa makaranta, ɗan ruga ba zai ƙara ci ba. Na ji tsoro kada manoma su kwashe 'ya'yansu a bar ni da benci. Na ce to, a yi haka na 'yan kwanaki.

Inna Hajo tana ji daga bakin murhu. Ta zare itacen ɗaya bayan ɗaya, ta kwara musu ruwa.

"Mushe," ta ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal, "hannuna bai iya tsallake kwano ba. Ku nemo wadda ta iya."

Ba a samu ba. Duk matar da aka tuntuɓa sai ta ce tana da sussuka. Kwana uku yara suna komawa gida da yunwa, har da 'yar Malam Idi. Ran na huɗu shi da kansa ya zo da damin itace a kai, ya sauke a gabanta.

"Hajo, hura wutarki."

"Ta kowa?"

"Ta kowa."

Ni ban taɓa ba ta haƙuri ba. Aka yi mini canji zuwa Tasawa, ina ta cewa in na je hutu zan faɗa mata. A waya na ji rasuwarta.

Bara na koma. An gina aji biyu na siminti, amma abinci wata ɗaya akwai, wata biyu babu. Burtali ya matse, rugage da yawa sun tashi, 'ya'yansu a aji ba su cika hannu ba. Da tana nan, za ta yaba ginin? Ina jin tambayata za ta yi ina sauran yaran.

Ba ta bar hoto ba, ba a sa wa ko aji ɗaya sunanta ba. Amma na tambayi matar da ke girki yanzu yadda take rabo in gero ya yi kaɗan. Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce sai ta ƙara ruwa ta dama kunu, ya kai kowa.

Allah ya jiƙan Inna Hajo, ni kuma ya yafe mini "to" ɗin da na ce.