Dutsen da Baba Ya Binne a Bakin Zaure

Har yau in na ji ƙanshin garin masara mai ɗumi, sai zuciyata ta koma gidanmu na Birni, shekarar da ruwa ya ƙi sauka, injin niƙan unguwarmu kuma ya yi shiru.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya a lokacin. Geron da danginmu na Garagumsa suka saba aiko mana bai zo ba, don su ma rumbunansu wayam. Abin da muka samu shi ne masarar taimako, mai taurin tsiya, wadda in ka sa ta a turmi sai ta yi ta tsalle tana ficewa. Inji kaɗai ke iya mata. Ana nan kuma aka rufe iyaka, gazuwal, man da inji ke sha, ya ɗauke ƙaf a gari, mai inji ya garƙame ƙofarsa ya koma sayar da goro. Ga buhu a ɗaki, ga yunwa a ciki. Mu manya muna tafasa ƙwayar mu tauna, amma ƙanena da aka yaye bai san tauna ba, kunu yake so. Kwana huɗu yana kuka, har kukan ya daina fita sosai. Wannan shi ya fi ba ni tsoro.

Baba ma'aikacin biro ne, wato ofis, mutumin kirki, sai dai ya yarda da rediyo fiye da kima. Mulki ya sauya hannu yana saurare, aka zo da sababbin alkawura yana saurare. Da safiyar kwana na biyar ya ce da Kaka, mahaifiyarsa:

"Iya, a ƙara haƙuri. An ce kamiyon mai yana hanya."

"Kamiyon nan tun watan jiya yake hanya," in ji ta. "Yaron nan ba zai sha 'an ce' ba. Tashi ka tono mini dutsena."

To, ka ji inda gizo ke saƙa. Shekarar da inji ya zo unguwa, Baba da kansa ya ɗauke dutsen niƙan Kaka ya binne shi a bakin zaure ya zama matakala, yana cewa an gama durƙuso a gidansa. Ranar da Kaka ta ce a tono shi kuwa, da rana tsaka ya naɗe hannun riga ya kama haƙa, maƙwabta na wucewa suna tambayarsa ko zinariya ya binne. Na yi dariya, na kuma ji tausayinsa.

Ashe ɗan dutsen yana ƙarƙashin gadon Kaka duk shekarun nan. Ta wanke uwar, ta ga ƙafafun mutane sun goge ta sumul, sai ta zauna tana koɗa ta da guntun ƙarfe har fuskarta ta yi kaushi. Bayanta ba ya barinta durƙuso, Inna kuma na fama da mai kuka, don haka ni aka durƙusar a gaban masarar da aka jiƙa. Niƙana na farko Kaka ta murza a yatsa ta ce, "Wannan tsaki ne, kaji za ki ba?" Na maimaita har sau uku, tafin hannuna ya yi ƙuna, gwiwoyina suka sage. Kafin la'asar aka dama kunu. Ƙanena ya shanye ludayi biyu, ya yi gyatsa, ya yi barci da sauran kunu a baki. Ban taɓa jin daɗin gajiya irin na ranar ba.

Kafin mako ya zagayo, matan lungunmu na layi a tsakar gidanmu da ƙwaryoyinsu. Kaka ba ta karɓi ko dala ba. Sharaɗinta guda ne: kowace ta zo da 'yarta, 'yar ce za ta niƙa.

Yanzu injinan garin da lantarki suke aiki, kuma wutar ma daga nesa take zuwa mana. Duk ranar da manya suka yi saɓani aka ɗauke ta, sai in ga samari sun taru suna zagin wannan suna yabon wancan. Ni kam ba na shiga. Jikata nake kira in durƙusar da ita a gaban dutsen, in murza garinta a yatsa in mayar mata. Tana tura baki, tana cewa hannunta zai lalace. Zai warke, 'yar nan, nawa ma ya warke.