Ranar da Malsun Ta Zauna Aka Zuba Mata

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwarmu ta bakin tashar jiragen ruwa a Mokpo ya san Malsun, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeruwar nan mai rumfar busasshen kifi da kimchi, kabejin nan namu da ake tsimawa da barkono, wadda kujera ba ta san nauyinta ba. Shagona na gyaran gashi yana kallon rumfarta tun muna da haƙoranmu na ainihi, kuma ni shaida ce: ko shinkafa a tsaye take ci, cokali a hannu ɗaya, ɗayan yana ƙulle wa mai saye leda.

Ita ce mace ta biyar a gidan da ake jiran namiji. Ubanta bai je ya rubuta ta a wurin hukuma ba sai da ta fara tafiya, da aka tambaye shi rana kuma ya faɗi wadda ta zo bakinsa. Don haka ranar da ke katinta daban, ranar haihuwarta daban, wadda take riƙe da ita da lissafin wata kamar sauran tsofaffinmu. 'Ya'yanta ta kati suka sani, ita kuma ba ta taɓa gyara musu ba.

To, safiyar ranar haihuwa ai romon ganyen teku ake sha, irin na masu jego, kuma wani ne zai dafa maka. Malsun ta dafa wa uwar mijinta, ta dafa wa mijin har ya mutu, ta dafa wa 'ya'ya da jikoki, har ni da ban haɗa komai da ita ba sai gulma. Ita ba wanda ya taɓa ɗora mata tukunya. Da na yi mata maganar, wai dama romon bai dame ta ba. Na ce ta gaya wa wanda bai ga yadda take suɗe ludayi ba.

Da ta cika saba'in a kati, babban ɗanta Dongchol ya tara dangi aka yanka kek, aka miƙa mata tikitin zuwa tsibirin Jeju. Ni aka zaɓa 'yar rakiya, wai na san duniya. Aure uku na yi, ba zan musa ba. Da na duba kalanda na ga ranarta ta gaskiya ta faɗo a safiyar da za mu dawo, sai na ja bakina na yi shiru, abin da ban saba ba.

Tafiya da Malsun wahala ce. A gindin dutsen da ake hawa don kallon fitowar rana, mutane na ɗaukar hoto, ita tana can tsugune wurin tsofaffin matan nan masu ninƙaya suna kamo dodon koɗin teku, tana tambayar su maganin ciwon gwiwa tana ɗauraye musu faranti. A gonar furanni rawaya na tsayar da ita hoto, ta ƙame kamar za a yi mata allura. Aka kai mu gidan abinci aka kawo gasasshen kifin nan mai kama da takobin azurfa, tsawonsa ya cika teburi. Ta cire mini ƙaya, ta cire wa wasu amarya da ango da ke gefenmu, kafin ta kai loma baki ya huce.

A kasuwa kuwa, ta sayi kwalin lemu na surukai, dunƙulen shinkafa mai jan wake na jikoki, hula ta mai rumfar kusa da ita. Na ce ina nata? Ta ce ai ta ga teku, kamar ba a bakin teku aka haife ta ba. Tana can tana ciniki na zame na sayi ƙunshin busasshen ganyen teku da ɗan naman sa da tafarnuwa. Da ta ga ledar, na ce sabon sirrin gyaran gashi ne. Ta yarda, don ta san zan iya.

Safiyar ranar na riga ta tashi, karo na farko a tarihi. Mai masaukinmu ta ara mini kicin. Sai dai ni, mazajena uku duk a waje suka ci abinci. Na dubi ganyen, ɗan abu shafal kamar takarda, na ce wannan ko ni kaɗai ba zai ishe ni ba. Na juye ƙunshin gaba ɗaya a ruwa, na tafi wanke fuska. Ko da na dawo ya kumbura ya cika kwano, ya haura baki, yana rarrafe zuwa ƙasa. Na kwashe a babbar tukunya da man riɗi, ragowar ta cika roba biyu, ina tsine masa ƙasa-ƙasa.

Ƙamshin ne ya taso ta. Ta tsaya a ƙofa da gashi a hargitse, ta dubi tukunya, ta dubi robobin.

"Yaya, mata nawa suka haihu a gidan nan?"

"Ɗaya ce, shekara saba'in da suka wuce. Zauna."

Ba ta zauna ba. Ta naɗe hannun riga ta nufo ludayi, tana cewa wutar ta yi yawa, ban soya naman ba tukuna, in ba ta ta gyara. Na ɗaga ludayin sama, inda tsawonta bai kai ba.

"Maman Dongchol, kika taɓa tukunyar nan, na rantse in muka koma sai na aske miki kai ƙwal. Yau ko guba na dafa, zama za ki yi a zuba miki."

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta durƙusa a hankali gaban ɗan teburin, ta rasa inda za ta sa hannuwanta, ta ɗora su a cinya, ta sauke, ta sake ɗorawa. Na ajiye mata shinkafa da kwanon romo yana tururi. Ta kurɓi cokali ɗaya. Ta ce gishiri ya yi yawa, tafarnuwar kuma ɗanya ce. Na ce na ji, ta ci gaba. Ta ci gaba har ta ga gindin kwano, kanta a sunkuye, ni kuma na ba ta baya ina goge murhun da ba abin da ya same shi.

Can ta ce, da muryar da ban san ta da ita ba, ranar da aka haife ta, da kakarta ta ji mace ce kuma, sai ta sauke tukunyar romon daga wuta. Innar Malsun ba ta sha ko cokali ba, gari na wayewa ta koma gona.

Ta miƙo mini kwanon da hannu biyu.

"Ƙara mini, Yaya. Wannan na Inna ne."

Na cika shi har baki. Dama akwai wanda zai ishi rabin tsibirin.