Baba Mai Igiya, heluman da ya tona wa kansa asiri

An cire sandunan da ke tokare da rufin kankare kwana tara bayan an zuba shi, alhali sai ya kwana ashirin da ɗaya ake taɓa su. Kashegari rufin ya tsage. Makarantar firamare muke ginawa, bene, aji uku a sama uku a ƙasa. Shekara goma sha uku ke nan da faruwar abin. Ina wurin, don ni ne birkilan da ke filasta.

Heluman aikin, wato shugabanmu duka a wajen ginin, shi ne wanda muke kira Baba Mai Igiya. Makon jiya ya ajiye aiki saboda bayansa ya ƙi. Babu wanda ya tara masa taro, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani.

Kullum shi ke riga kowa zuwa. Igiyar awo a aljihu ɗaya, guntun gawayi a ɗayan. Zai zagaya ginin, ya ja igiya a bangon da aka ɗora jiya, ya ƙwanƙwasa bulo da ɗan yatsa ya saurara. Kankaren da aka zuba, da hannunsa yake ba shi ruwa, bai yarda da lebura a nan ba. Ba ya tsawa. In layinka ya karkace, "sake shi" kawai zai ce ya wuce. Ni kaina ya sa na rushe bango sau biyu, kuma duka biyun na zage shi a zuciya. In aka zuba kankare kuwa, sai ya rubuta ranar da gawayi a jikin bango, don a san lokacin cire tokare.

Nan aka samu matsala. Ɓangaren gabas aka fara zubawa, na yamma ya biyo bayan kwana goma sha biyu. Ni kuma na zo da filasta na shafe bangon waje, har da rubutun Baba. Da ya duba bai ga komai ba, sai ya dogara da kansa, kwanakin suka juye masa. Ya kira kafintanmu, wanda muke ce wa Dogo, ya ce ya cire na yamma. Su biyu ne a tsaye, babu wanda ya ji.

Tsagar ba ta fi zare kauri ba. Ni na fara ganinta, na jawo Baba gefe.

"Baba, cokali biyu na siminti ne wannan. In na shafe, injiniya ko da tabarau huɗu ya zo ba zai gani ba."

Baba ya ɗauki bokiti ya hau sama, ya kwara ruwa. Ya sauko muka tsaya. Ba a jima ba ruwan ya fara ɗigo a gabanmu.

"Ka gani? Ta ratsa. Filastarka ba ta ɗaukar yara sittin."

"Rodi na ciki ai, zai riƙe."

"Ƙila ya riƙe. Kai za ka yi wa iyayensu bayanin ƙila?"

Da hantsi ɗan kwangila ya iso. Wanda ya taɓa aikin gini ya san yadda ake yi: laifi na wanda guduma ke hannunsa ne. Ya tara mu, ya nuna Dogo.

"Kai, uban wa ya ce ka cire? Sauri kake ka kai katakon wani aikin, na san halinku. Kwashe kayanka."

Dogo ya san in ya ce heluma ne ya sa shi, ba shi da shaida, kuma ba a sake ɗaukar kafintan da ya yi wa heluma ƙarya. Ya durƙusa yana tattara zartonsa. Ni kuwa ina tsaye ina kallon bangon da na shafe.

Baba ya ce, "Dogo, ajiye. Ranka ya daɗe, ni na sa shi. Kwanakin ne suka rikice mini. Ya ma tambaye ni ko na tabbata, na ce masa na tabbata."

Ɗan kwangila ya ja shi bayan tulin yashi, amma muna jiyo su.

"Baba, shekara nawa muna tare? An riga an sami mai laifi, me ya kai ka? A shafe wurin, Dogo ya tafi, in samo masa wani aikin daga baya. Kai ka zauna a kujerarka."

"Na riga na buga wa injiniya waya. Yana hanya."

"Ka san abin da ka yi wa kanka kuwa?"

"Na sani."

Injiniya ya zo ya duba, ya ce a fasa. Kwana biyar muna fasa rufin, kuma Baba ne ya fara ɗaga babbar guduma. A rana ta biyu na kasa daurewa, na same shi yana shan ruwa, na ce ni na shafe rubutun, bari in je in faɗa.

"Aikinka shafe bango ne, ka shafe. Sanin kwana aikina ne. Ɗauki shebur, kana ɓata mini lokaci."

Baba, kai ne shugaban da na gani da idona ya ce "ni ne" a wurin da kowa ke neman wanda zai nuna. Na yi aiki ƙarƙashin heluma ya fi ashirin. Akwai masu tsawa, akwai masu hawa bene hawa biyar ba igiya a ƙugu don a ce jarumai ne. Ban ga ɗaya da ya yi abin da ka yi ba. Kana da hanya biyu ta tsira, Dogo da ni, kuma duk mun riga mun sunkuyar da kai. Ba ka bi ko ɗaya ba. Ba ka fi mu son wahala ba, iyali gare ka kamar kowa. Dogo ya gaya mini da ya je yi maka godiya a gida ya tarar matarka na cewa, "To malam, yau gaskiyar za mu ɗora a tukunya?" Ka ce mata, "Ɗora, ba ta ƙonewa." Ta yi tsaki, ta kawo wa Dogo ruwa.

Ba zan ce Baba ba shi da aibu ba. Taurin kai gare shi, kuma kuskuren nasa ne, da ya auna kafin ya ba da umarni da ba a fasa komai ba. Amma tun daga ranar, duk lebura da birkilan da ke wurin, in Baba ya ce abu kaza ne, babu mai sake dubawa. Dogo yanzu yana da shagonsa da ma'aikata bakwai. Na taɓa ganin sun yanka katakon ƙofa gajere, mai ƙofar ya zo yana faɗa, Dogo ya fito ya ce shi ya ba da awon. Na san inda ya koya.

Masu riƙe da mutane, ko mutum uku ne a ƙarƙashinku, ku duba wannan. In kun ba da umarni ya ɓaci, ku buɗe baki kafin a kori wanda ya bi shi. Ba sai an iya karatu ba.

Na gode, Baba. Dogo ma ya ce in sa sunansa a godiyar. Allah ya ba ka lafiyar bayan nan.

Ranar da aka sake zuba rufin, ɗan kwangila ya karɓi makullin sito daga hannun Baba. Labari ya zaga cewa Baba ba ya rufa wa maigida asiri, babu ɗan kwangilar da ya sake ba shi riƙon gini. Ya koma aikin yini yana da shekara hamsin da biyu: katangar gida, ramin masai, gyaran dakali. Yaran da ya koya wa riƙe cokalin gini su suka riƙa ba shi umarni. Haka ya yi shekara goma sha uku yana ɗaga bulo da kansa, har bayan ya ƙi miƙewa.