Murjanin da Aka Ɗauke a Ɗakin Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai gyaran wutar lantarki ne kafin ya zama abin da mutane suka fi saninsa da shi. Yana da shekara talatin da 'yan kai aka kira shi wani shagon sayar da kifayen ado ya duba fitilar da ke ta ɗaukewa. Ya hau tsani, ya gyara, ya kunna. Da hasken ya sauka cikin tankin gilashin da ke ƙasa, sai ya ga wasu abubuwa da ya ɗauka duwatsu ne suna buɗewa a hankali, kore da ja da ruwan hoda. Ya tambayi mai shagon wane irin fure ne wannan. Mai shago ya ce ba fure ba ne, murjani ne mai rai, halittar teku, kuma da haske yake rayuwa. Aikin minti ashirin ne ya kai Kawu wurin, amma sai da aka zo rufe shago ya fito.

Daga nan ya koyi haɗa ruwan gishiri, da auna shi da 'yan kwalabe masu canza launi, da sanin wane kifi ne zai zauna lafiya da wane. Fitila kuwa, dama gidansa ce. Ba a jima ba aka daina ce masa mai gyaran wuta, aka koma Mai Murjani. Ɗakin ajiya na bayan gida ya kwashe, ya jera tankuna uku, famfuna na ta gurnani ba dare ba rana. Matarsa, wadda muke kira Anti, takan ce a gidanta kifi ya fi mutane cin gishiri, kuma duk yawansu ba ta taɓa samun ko ɗaya ta soya ba.

A tankin tsakiya akwai wani murjani da Kawu yake kira Tsohuwa. Ɗan ɓallin da bai wuce kan yatsa ba ya tsinta a ƙasan tankin wancan shagon, mai shago ya ce ya jefar. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana renonsa har ya kai faɗin babban faranti, rassa sun miƙe kamar ƙahon barewa, bakin kowane reshe shuɗi. Yakan yanki ɗan reshe ya dasa wa masu saye, amma ita Tsohuwa bai taɓa ɗaga ta daga inda take ba.

Kawu ba mai magana ba ne, don haka sana'ar ta tafi ne da mutum biyu. Na biyun amininsa ne tun suna koyon aiki a wurin maigida ɗaya. Ana ce masa Lauya, ba don ya taɓa shiga ajin shari'a ba, sai don in ya buɗe baki har wanda ya zo mayar da kaya yakan koma da ƙarin kaya. Lauya ke nemo masu son tanki a gidaje da ofisoshi, Kawu ke haɗawa. Shekara ashirin suna haka. Lauya ba ya sallama sau biyu a gidan Kawu. Yana da kofinsa na shayi da ba mai taɓawa, kuma 'ya'yan Kawu Baba suke ce masa.

Aiki mafi girma da suka taɓa samu shi ne na wani sabon otal. Tanki ne mai tsawon mita uku a zauren karɓar baƙi, daidai inda duk wanda ya shigo zai fara kallo. Kawu ya rubuta tsarin aikin a takarda, ya liƙa a cikin ƙofar akwatin famfo. Ruwa da duwatsu kawai, mako shida, har ruwan ya nuna. Sannan dodon koɗi su share gansakuka. Sannan kifi biyu, ba uku ba. Bayan mako biyu a ƙara wasu, kuma duk kifin da ya zo sai ya yi zaman killace a wani tanki dabam. Murjani a ƙarshe, masu laushi kafin masu tauri. Fitilun da ya haɗa da hannunsa, farare da shuɗaye, ya saita su a kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsu, da agogon da ke kunna su da safe ya kashe da yamma. Kowane mako za a ɗan ƙara.

Ana mako na uku mai otal ya matso da ranar buɗewa. Lauya ya zo gida ya sami Kawu a ɗakin baya yana wanke matatar ruwan tanki.

"Mutumina, mutanen nan ba za su yanke ƙyalle a gaban duwatsu ba. So suke a ga launi."

"To su kawo furanni su jera," in ji Kawu. "Ruwan bai nuna ba."

"Na kwana uku kawai. Mu ari na ɗakin nan, a yi hoto, mu dawo da su. Ka ga Tsohuwa a tsakiyar wannan tankin? Garin nan kaf sai ya san sunanka."

Kawu ya ajiye matatar ya dube shi. "Lauya, kai ma ka san abin da zai faru. Ka faɗa musu gaskiya, in sun ƙi su ba wani aikin."

Lauya ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa, ya ce shi ke nan, an bar maganar, shi dama gwada shi yake yi.

A makon ne aka sa wa Kawu ranar cire yanar ido. Lauya da kansa ya kai shi asibiti a motarsa, ya zauna a kan benci har aka fito da shi, ya riƙe masa hannu zuwa mota. Likita ya ce mako guda ba kallon haske mai ƙarfi, ba sunkuyawa. Da yake ni ma'aikaciyar jinya ce kuma gidana na kusa da asibitin, aka yanke ya zauna wurina in riƙa sa masa magani. Anti ta tsaya gida don ciyar da kifaye.

Washegari da hantsi Lauya ya je gidan da leburori biyu da bokitai. Ya ce wa Anti, "Maigidan ya ce in kwashe na tankin tsakiya zuwa otal. Au, bai gaya miki ba? Kin san shi da allurar nan da aka yi masa, komai ya manta." Anti ba ta ga dalilin kiran kowa ba. Ita ta riƙe musu ƙofa, ita ta kawo tsofaffin tawul aka lulluɓe bokitan kada ruwa ya fantsama a mota.

Sauran labarin daga baya muka ji shi, wurin matar da ke goge zauren otal ɗin. Lauya ya dasa Tsohuwa a saman dutsen tsakiya, dab da fitila. Ya juye kifi wajen arba'in da aka sauke ranar, kai tsaye daga leda zuwa tanki. Ya murɗa fitilun har ƙarshe, ya cire agogon don kada haske ya ɗauke baƙi suna tsaye. Ranar buɗewa, in ji matar, ba wanda ya kalli ƙyallen da aka yanke. Kowa yana gaban gilashi da waya a hannu, Lauya kuma yana gefe yana bayani.

A kwana na shida Anti ta zo duba Kawu da kwanon abinci. Tana zuba masa ta ce, "To, ya Tsohuwa a sabon gidanta? Ɗakin ya yi fayau da babu ita."

Kawu ya tsaya da cokali a hannu. "Wane sabon gida?"

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya kamar yadda ta Anti ta sauya ba. Ta saki ludayin, ta ce, "Ba kai ka aiko shi ba?"

Kawu ya ce in kai shi otal ɗin, na ce masa likita ya hana. Ya ce in ba zan kai shi ba zai tari mota. Na sa masa baƙin gilashi, na tuƙa.

Tun daga bakin zaure muka ji warin. Ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa a ciki. Kifaye suna kife a sama, wasu famfo ya tsotse su a jikin raga, waɗanda suka rage suna haki a gefe da fararen ɗigo a jikinsu. Fitilun na nan a kunne kamar tsakar rana. Tsohuwa ta yi fari fat, naman jikinta na saɓulewa yana yawo kamar zare. Kawu ya kai hannu ya dafa gilashin.

Manajan otal ya fito, ya tambayi ko mu su wa ne. Da Kawu ya faɗa, sai mutumin ya ɗaure fuska.

"Ashe kai ne. Abokin aikinka ya yi mana bayani. Ya ce idonka ya daɗe da lalacewa, ka kasa auna gishirin ruwan, kuma murjanin da ka ba mu da cuta ya zo. Ya ce tausayi ne ya sa bai sallame ka tun tuni ba."

Na buɗe baki zan yi magana, Kawu ya taɓa hannuna. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni izini in kashe fitilar nan kawai."

Ya kashe. Ya sa na ari bokiti da raga wurin mai goge zaure, ya tsaya yana nuna mini da yatsa, ni ina kamowa, don ba dama ya sunkuya. Kifi biyar muka fitar da rai, uku suka rayu. Da na ɗago Tsohuwa ya shinshina ta, ya ce in mayar, ba abin da ya rage. Kafin mu fita ya buɗe ƙofar akwatin famfo ya nuna wa manaja takardar da ke liƙe, da rubutun hannunsa da ranakun. Manajan ya karanta, ya daɗe yana karantawa. Kawu bai jira jin abin da zai ce ba.

Bayan kwana biyu Lauya ya zo gidana da jakar lemo. Ya zauna a bakin kujera ya fara da cewa abin ya fi ƙarfinsa, an matsa masa, in da bai yi ba da an ƙwace aikin, kuma ai don su biyun ya yi.

Kawu ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, "Da ka kai ni asibiti, ka riga ka shirya?"

"Haba, mutumina..."

"Tambaya na yi. Da kake zaune a kan bencin nan kana jira a fito da ni, ka riga ka yi magana da leburorin?"

Lauya ya dubi ƙasa.

"Murjani yana mutuwa," in ji Kawu. "Na kashe da yawa da hannuna kafin in iya. Ba wannan ba ne. Ka sa matata ta riƙe maka ƙofa. Kuma ka ce musu makaho ne ni." Ya juyo wurina. "'Yar nan, raka shi. Ki ba shi lemonsa."

Otal ɗin sun kira Kawu sau uku ya sake haɗa musu tankin. Ya ƙi. Ya ce ba zai iya tsayawa a wannan zauren ba. Maganar cewa idonsa ya mutu kuma ta riga ta zaga, don Lauya ba manaja kaɗai ya faɗa wa ba. Gidaje da dama da Kawu ya yi shekaru yana kula musu da tanki suka daina kiransa, ba tare da kowa ya ce masa ga dalili ba. Wasu sun dawo bayan shekara, da kifayensu suka fara mutuwa. Ya karɓe su, bai tambaye su inda suka je ba.

Yanzu shi kaɗai yake aiki. Idonsa ya fi nawa gani. Shi ke amsa waya, kuma bai iya ba: mutum zai ce yana son tanki nan da mako biyu, Kawu ya ce masa wata uku ko ya nemi wani, ya kashe. Ayyukansa sun ragu, amma ba tankin da ya haɗa da ya taɓa yin fari. Anti ta daɗe ba ta shiga ɗakin baya ba. Sai da ya yi ta ce mata da shi ne a gida aka zo masa da saƙo daga bakin Lauya, shi ma da ya riƙe ƙofar.

Shi da Lauya suna haɗuwa a jana'iza ko ɗaurin aure. Suna gaisawa, hannu ya taɓa hannu, kowa ya nemi wani gefen. Matar Lauya ce ba ta iya daurewa ba. Ita da Anti sun yi shekara ashirin suna raba sirri, ita ta zauna da Anti a haihuwarta ta ƙarshe. Bayan wata takwas ta fara zuwa wurin Anti ranar Laraba da rana, a ɓoye, tana zaton Kawu yana wurin aiki. Ba shi da aiki ranar Laraba. Yakan ɗauki jakar kayan awonsa ya zo gidana, ya zauna a falo yana shan shayi, sai ya ga la'asar ta yi sanyi ya ce, "Yanzu dai ta tafi," ya miƙe.